Wasiyya Ba Ta Kawo Ajali: Shirin Da Ke Kare 'Ya'ya Idan An Yi Rashi

A duk ranar awon ciki, ma'aikatan jinya kan tunatar da mata masu juna biyu abubuwan da ya kamata su tanada kafin watan haihuwa ya kama: kayan jariri, kuɗin mota, lambar wayar direban da za a kira ko da tsakar dare ne, da kuma ɗan'uwan da zai ba da jini idan buƙata ta taso. Amma akwai wani shiri da ba a cika ambatarsa a layin awo ba, domin da zarar an taɓo shi sai fuskoki su canza, a ce ana yi wa mutum mugun fata. Wannan shiri shi ne wasiyya, wato mutum ya bayyana tun yana da rai da lafiya abin da ake bin sa da abin da yake bi, yadda yake so a yi masa sutura, da kuma hannun da yake fatan 'ya'yansa su zauna a bayansa.

A wannan fitowa mun ware wannan shafi domin iyalai masu zuwa mana daga Durun da Garo da Gude a ƙaramar hukumar Kabo, da Getso da Lakwaya a ƙaramar hukumar Gwarzo, da ma duk wanda wannan mujalla ta shiga hannunsa. Maganar ta shafi uwargida, ta shafi maigida, domin ba a san gawar fari ba.

Dalilin Yin Wannan Magana Da Masu Ciki

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa ta dalilin ciki ko haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Idan aka sauƙaƙa lissafin, kusan mace 1 ke nan cikin 200. Ma'ana mafi yawan mata suna sauka lafiya, kuma da yardar Allah ke ma haka za ki sauka. Har ila yau yawancin abubuwan da ke kashe mata a wannan hali, kamar zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, suna da magani idan an iso asibiti da wuri. A shekarar 2008 an fara amfani da allurar magniziyam salfet a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano domin masu jijjiga, sai mace-macen da cutar ke jawowa suka sauka daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 100. Saboda haka shiri na farko shi ne zuwa awo a kan lokaci, da kuma maigida ya ba da izini tun yanzu cewa ko ba ya gida, idan naƙuda ta zo da gardama a wuce da uwargida Babban Asibitin Gwarzo ko a kawo ta Kano, kada a tsaya jiran dawowarsa.

To amma duk da haka ajali idan ya zo ba ya sallama, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne ƙananan yara. Wani bincike da aka yi a yankin Matlab na ƙasar Bangaladash, aka buga a 2010, ya nuna cewa a cikin yaran da uwayensu ke raye, 89 cikin 100 sun kai shekara 10 a duniya, amma a cikin waɗanda uwayensu suka rasu, 24 ne kacal cikin 100. Haɗarin ya fi tsanani ga jarirai 'yan watanni. Wannan shi ya sa muke ɗaukar wasiyya a matsayin wani ɓangare na kiwon lafiyar yara.

Abin Da Addini Ya Tanada

Musulunci bai ɗauki wasiyya a matsayin kiran mutuwa ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da duk mai abin da zai yi wasiyya a kai da kada ya bari kwana biyu su wuce ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Idan mutum ya rasu, malamai sun jera abin da ake fitarwa daga dukiyarsa kamar haka: da farko kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage kuma shi ne gado.

Wasiyyar dukiya ba ta wuce sulusi, wato kashi 1 cikin 3, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Kuma ba a yin ta ga wanda yake da gado, sai idan sauran magada sun amince. Amfaninta shi ne ta kai ga waɗanda gado ba ya kaiwa gare su, kamar ɗan riƙo, ko agola, ko jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa alhali akwai baffanninsa. Irin waɗannan yara su ne kan tashi a tutar babu idan ba a ambace su ba.

Ana iya rubuta wasiyya da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, a kira shaidu 2 adalai a karanta musu. Shaidun suna da muhimmanci ƙwarai, domin takarda tsurarta ba ta isa hujja a gaban alƙali. Mai wasiyya yana da ikon sauya ta duk lokacin da ya ga dama. Wadda ba ta iya rubutu ba sai ta sa wanda ta amince da shi ya rubuta mata, a karanta mata ta ji. Iyalai mabiya addinin Kirista kuwa, sai su tuntuɓi lauya da shugabannin cocinsu, domin dokar da ta shafe su daban ce.

Abubuwan Da Za A Rubuta

1. Bashi da ajiya. Wa ke bin ki, wa kike bi, kuma nawa ne? A sa har da bashin dillaliya, da ragowar sadaki idan maigida bai cika ba, domin shi ma bashi ne. Idan akwai ajiyar wani a hannunki, ki faɗi mai ita.

2. Adashi. Wace ce uwar adashi, nawa ake zubi, kin kwasa ko ba ki kwasa ba?

3. Dukiyar da ke hannun wasu. Matan karkara da yawa suna da awaki ko tumaki da suka ba da kiwo, ko gonar gado da ke hannun 'yan'uwa maza, ko hatsin da aka ajiye a rumbun wani. Abin da ba a rubuta ba, shi ne kan sa zumunci ya lalace.

4. Asusun banki da na waya. A rubuta sunan bankin da lambar asusun, a gaya wa mutum ɗaya amintacce inda takardar take. A sani cewa wanda aka rubuta sunansa a banki a matsayin na kusa ba shi ne mai kuɗin ba. Kuɗin na magada ne baki ɗaya, kuma banki kan nemi takardar shaidar mutuwa da ta kotu kafin ya saki.

5. Takardun yara. Katin rigakafi, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin asibiti na yaron da ke da ciwo mai naci kamar sikila ko asma ko farfaɗiya, tare da sunan maganin da yake sha.

Batun Jana'iza

Tun da a addininmu ana gaggauta sutura, iyali kan yanke shawarwari masu nauyi a cikin awa biyu ko uku, hankali a tashe. Idan an riga an tattauna, sai abin ya zo da sauƙi. Misali, idan rasuwa ta faru a asibiti a Kano, a nan za a yi jana'iza ko za a koma Durun? Malamai sun halatta ɗaukar gawa zuwa garinsu matuƙar hakan ba zai jawo dogon jinkiri ko ya sa gawar ta canza ba. Amma akwai kuɗin mota, akwai dare, akwai damina. Mutum yana iya faɗin abin da yake so, ya kuma ƙara da cewa idan ya yi wa iyali wuya, a yi abin da ya sauƙaƙa.

Mace tana iya ambatar matan da take so su yi mata wanka, da wanda take so ya yi mata salla. Wadda ta rasu wajen haihuwa ko cikin jinin biƙi ana yi mata wanka da salla kamar kowace Musulma, kuma hadisi ya ƙidaya ta cikin masu samun ladan shahada. Haka nan yana da kyau mutum ya bar saƙo cewa kada a ci bashi ko a sayar da abin marayu domin ciyar da masu zaman makoki. Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci. Don haka maƙwabta ne ke da nauyin kai abinci gidan mutuwa.

Kafin a bar asibiti, wani daga cikin dangi ya tsaya ya karɓi takardar shaidar mutuwa. A ranar ba a ganin amfaninta, sai an zo maganar banki ko fansho ko rabon gado.

Idan maigida ne ya rasu ya bar mace da ciki, takabarta tana ƙarewa ne ranar da ta haihu, kuma a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon gado sai ta sauka, domin jaririn da aka haifa da rai yana da nasa kason. Takaba ba ta hana zuwa awo ko zuwa asibiti haihuwa. Dangi su kula da wannan, domin mai takaba da ciki tana buƙatar awon jini da na hawan jini kamar kowace mai ciki, ko ma fiye.

Wa Zai Riƙe Yaran?

A Malikiyya, bayan uwa, kaka ta wajen uwa ce ke kan gaba wajen renon ƙananan yara, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a juyo ɓangaren uba. Ciyarwa da tufatarwa da karatu kuwa suna nan a wuyan uba. Uba kuma yana iya naɗa wasiyyi, wato amintaccen da zai kula da dukiyar 'ya'yansa har su yi hankali. Abin da uwa ta faɗa game da riƙo bai soke wannan tsari ba, amma yana haskaka wa dangi hanya, domin ita ta san wadda yaran suka saba da ita. Muhimmin abu shi ne a tambayi wadda aka ambata tun yanzu ko za ta iya.

Idan jariri ne aka bari, abinci shi ne gaggawa. Mafi alheri a samu mai shayarwa daga cikin dangi, bayan an yi mata gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, sannan a rubuta wadda ta shayar saboda hukuncin aure a gaba. Idan ba a samu ba, sai madarar gwangwani ta jarirai, a dama da ruwan da aka tafasa bisa awon da ke jikin gwangwanin, a ba shi da ƙaramin kofi mai tsafta, domin bulumboti yana da wuyar wankewa. Kada a ba jaririn da bai kai wata 6 ba koko ko nonon shanu ko madarar shayi. A kawo shi sashen yara a auna nauyinsa, a ci gaba da rigakafi.

Yadda Yaro Ke Fahimtar Mutuwa

Mukan ce yaro bai san komai ba, zai manta. Likitocin yara sun san ba haka abin yake ba. Jariri da ɗan yaye ba su san ma'anar mutuwa ba, amma sun san muryar da suka saba ji ta ɓace, sai su yi ta rigima, su ƙi abinci, su kasa barci. Abin da suke buƙata shi ne mutum ɗaya tsayayye mai goya su kullum.

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana ɗaukar mutuwa kamar tafiya ce da ake dawowa. Zai tambaya yau, ya sake tambaya gobe. Yakan kuma zaci shi ne sila, saboda ya ƙi aike ko ya yi wa mahaifiyarsa rashin ji. Daga shekara 6 zuwa 9 yaro kan fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, sai tsoro ya shige shi cewa saura ma za su mutu. Yakan yi ciwon ciki ko ciwon kai, ko ya koma fitsarin kwance. Matasa kuwa sun fahimci mutuwa kamar manya, amma kunya da kara kan sa su haɗiye abin a rai. Babbar 'ya mace ita ce nauyin gida kan faɗa wa, har ta bar makaranta, ba a ma tuna cewa ita ma uwa ta rasa.

Yaro ba ya daɗewa cikin baƙin ciki a zama ɗaya. Zai yi kuka yanzu, anjima ka gan shi yana langa da abokai. Wannan ba rashin damuwa ba ne, haka zuciyar yaro ke ɗaukar nauyi kaɗan-kaɗan.

Yadda Za A Gaya Masa

Wanda yaron ya fi sabawa da shi ne zai gaya masa, a wuri mai natsuwa, tun kafin ya ji a bakin yaran unguwa. A zauna daidai tsayinsa, a riƙe hannunsa, a yi magana gajera. Ana iya cewa: "Ka san Umma ba ta da lafiya, aka kai ta asibiti. An yi mata magani iyakar ƙoƙari, amma Allah Ya yi mata rasuwa. Ta mutu, ba za ta dawo gida ba. Ba laifinka ba ne, ba kuma laifin jariri ba ne. Ni ina nan tare da kai, kuma yau a ɗakin Kaka za ka kwana."

A guji cewa ta yi tafiya, ko ta tafi Makka, ko tana asibiti. Yaron da aka gaya wa haka zai yi ta zaman jira a bakin zaure, kuma ranar da ya gane gaskiya zai daina yarda da maganar manya. A guji cewa barci take yi, domin yakan sa yaro tsoron kwanciya. Haka nan kada a yi zargin maita ko sammu ko kishiya a gabansa. Wannan yana dasa tsoro da gaba a zuciyar yaron da watakila a hannun wadda ake zargin zai ci gaba da zama.

Kada a hana shi kuka da sunan haƙuri. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Shi kansa maraya ne: mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana da shekara 6, Ummu Aiman ta dawo da shi Makka, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalib. Wannan tarihi yana sanyaya zuciyar yaron da ya fara wayo. A koya masa yi wa mamacin addu'a, domin hakan yana ba shi abin da zai iya yi da kansa.

Idan yaro mai wayo ya nemi ganin gawa bayan an shirya ta, a bayyana masa abin da zai gani, babba ya raka shi. Idan ya ƙi, kada a tilasta masa. A ranakun makoki a wakilta mutum ɗaya, gwaggo ko kawu, wanda aikinsa kawai shi ne ya tabbatar yaran sun ci, sun yi wanka, sun san inda za su kwana.

Bayan An Watse

Wahalar maraya takan fara ne bayan 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Masana biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, William Worden da Phyllis Silverman, sun bi rayuwar yara 125 daga iyalai 70 na tsawon shekara 2 bayan rasuwar uwa ko uba. Sun gano cewa babban abin da ke nuna yadda yaro zai kasance shi ne halin da mahaifin da ya rage ke ciki, kuma wasu yaran sai a shekara ta biyu damuwarsu ke fitowa fili. Don haka taimakon maigidan da ya rasa mata, ko matar da ta rasa miji, taimakon yaran ne.

In da hali kada a rarraba yara, wannan Durun, wancan Gwarzo, ƙaramin Kano, duk a mako ɗaya. Wanda ya rasa uwa, kada a ƙara masa da rashin 'yan'uwa da gida da abokai a lokaci guda. Idan rabuwar ta zama dole, a gaya musu dalili, a sa ranakun da za su riƙa haɗuwa. Kada a yi gaggawar tura yaro almajiranci ko aikatau. Ya koma makarantarsa ta boko da ta allo da wuri, a sanar da malamansa abin da ya faru. A bar masa wani abu na mahaifiyarsa, ko zane ko hoto ko carbi, kuma a riƙa ba shi labarinta.

Idan Jaririn Da Ake Jira Ne Ya Koma

Wani lokaci uwa ce ke dawowa gida hannu biyu. Yaran da aka yi wa alkawarin ƙane za su tambaya. A gaya musu cewa jaririn bai zo da rai ba, ko ya rasu bayan haihuwa, kuma ba wani abu da suka yi ne ya jawo ba. Ita ma uwar tana buƙatar a saurare ta, kada a tsaya ga cewa wani zai zo. Ta dawo asibiti a duba ta, a binciki dalili kafin wani cikin.

Lokacin Da Za A Kawo Yaro Asibiti

A kawo yaro idan yana ramewa ko ya daina cin abinci, idan ya shafe makonni ba ya barci ko yana firgita, idan ya daina magana da wasa, idan ya ƙi makaranta gaba ɗaya, idan matashi ya fara shaye-shaye, ko kuma idan bayan wata 6 damuwar ba ta ragu ba. Idan ya ce yana so ya mutu ya bi mahaifiyarsa, ko ya yi yunƙurin cutar da kansa, a kawo shi a ranar. Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, su kuma su turo shi sashen yara ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa wannan sashe ba ya nufin yaro ya haukace.

Shawararmu ga maigida da uwargida ita ce su zaɓi wani dare bayan yara sun yi barci, su ɗauko takarda da biro, kowa ya faɗi nasa. A ajiye takardar tare da katin awo, a sake duba ta duk shekara ko bayan kowace haihuwa. Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.